Sikeli A Gaban Inna

"Giram tamanin... tamanin da biyar... kash, ya wuce!"

Malama ta sa cokali ta rage shinkafar da ke kan ɗan sikelin kicin ta mayar cikin tukunya. Inna, uwar mijinta, tana zaune a kujerar roba a bakin ƙofar kicin ɗin, ta rafka tagumi, tana bin cokalin da ido tun daga faranti har tukunya.

"Ke 'yar nan," in ji Inna, "wannan loma ɗayar da kika mayar, ita ce za ta kashe ni?"

"A'a Inna, ba haka ba ne. Ƙa'idar ce..."

"Ƙa'ida! Shekara sittin da biyu ina ci da hannuna, ban taɓa ganin inda ake ɗora abincin mutum a kan ma'auni ba sai a gidan ɗana. Miyar kuma ko gishiri babu, sai ka ce ruwan wanke kwano!"

Malama ta sunkuyar da kai ta ajiye mata farantin. Ta jawo ɗan littafinta mai shuɗin bango ta rubuta abin da ta zuba da lokacin da ta zuba. Wannan rubutun ma ciwo yake yi wa Inna, ta kau da kai tana ƙwafa.

Shekarar Malama ta ƙarshe ke nan a jami'a a wata ƙasa mai nisa, tana karatun ilimin abinci mai gina jiki da yadda ake ciyar da marasa lafiya. Mijinta ne ya laƙaba mata Malama tun suna zance, ranar da ta gan shi ya zuba cokali huɗu na sukari a shayi ta hau yi masa lakca har shayin ya huce. Ita kuma tana kiran sa Autan Inna, don shi ne ɗan ƙarshe a gidansu. Soyayya suka yi mai tsafta, suka yi aure, da ta samu gurbin karatu ya ajiye aikinsa na injiniya ya biyo ta a kan takardarta ta ɗaliba. A nan kwalaye yake ɗauka a wani katafaren sito tun safe har la'asar, in ya dawo ya zauna da littattafai yana shirin jarrabawar da za ta ba shi damar komawa aikinsa. Ɗaki biyu gare su a hawa na huɗu, da na'urar ɗumama ɗaki mai ƙwanƙwasa kamar ana sallama, da taga mai kallon tashar bas. Ba su da yawa, amma dariya ba ta yanke musu ba, har zuwan Inna.

Ziyarar wata uku Inna ta zo. A sati na biyu Malama ta lura takalmin Inna ya daina shiga ƙafarta, idonta kuma yana kumbura da safe. Ta lallaɓa ta suka je asibiti ranar da Auta yake wurin aiki. Da yake Inna ba ta jin yaren ƙasar, Malama ce ta yi tafinta, don haka da bakinta ta faɗa wa uwar mijinta cewa ƙodarta ta yi rauni ƙwarai. Likita ya ce in aka kiyaye abinci za a iya jan lokaci mai tsawo kafin a kai ga injin wankin ƙoda. A rage gishiri, a auna nama, a guji duk abin da ke da yawan fotasiyam, wani sinadari da ke cikin ayaba da lemon zaƙi da dankali, wanda ƙoda mai lafiya take tacewa, marar lafiya kuwa ta bar shi ya taru har ya tsayar da zuciya.

A tashar bas ta bakin asibitin Inna ta damƙi hannunta.

"Ki rantse mini ba za ki faɗa wa Auta ba."

"Inna! Ɗanki ne fa..."

"Don ɗana ne na ce. Ciwon nan shi ya ɗauke mahaifinsa. Shekara biyu yaron nan ya ajiye karatu yana dakon uban a gindin injin nan, ya rame ya lalace, sai da ƙyar ya koma makaranta. Yanzu saura wata biyu jarrabawarsa in sake ɗora masa? Ki rantse!"

Bas na tahowa, tsohuwa na hawaye, mutane na kallo. Malama ta rantse. Da ta san abin da rantsuwar za ta jawo mata, da ta bar bas goma sun wuce ba ta buɗe baki ba.

Abin takaici, Inna ta ɓoye ciwon, amma ba ta yarda da maganinsa ba. Mutum ce mai son abinci da ɗanɗano, mai kyauta, wadda a gidanta ba a taɓa tambayar baƙo ko ya ƙoshi sai dai a ƙara masa. Kwana uku ta jure, a na huɗu ta fara mita. Ita kuma Malama, tsoro ya sa ta riƙe littafi da ƙarfi. Yadda aka koya mata a aji haka ta kwaso ta zube a gaban tsohuwa: sikeli a kan tebur, kofi mai layi-layi na auna ruwa, dankali a fere a yanka a jiƙa a tafasa a zubar da ruwan. Ita a ganinta ƙauna take nunawa. Ba ta tsaya ta duba yadda abin yake a idon mai ci ba.

Ranar wata Asabar da hantsi, Yaya Babba, yayar Auta, ta kira Inna ta bidiyo daga gida. Inna ta riƙe wayar a karkace kamar yadda ta saba, sai kyamarar ta haska Malama tana ɗora yankan kaza a kan sikeli.

"Inna, tsaya! Mene ne wancan a bayanki?"

"Abincina ake aunawa," in ji Inna, muryarta a sanyaye.

"Ake me? Innalillahi! Ke 'yar boko, uwar tamu kike auna wa abinci? Fursuna ce? Ko a gidan ubanki haka ake yi wa baƙo?"

"Yaya, don Allah ki saurare ni, don lafiyarta ne..."

"Lafiyar me? Inna, wani abu na damun ki?"

Malama ta ɗago ta dubi Inna, idonta yana roƙo. Kalma ɗaya tak za ta wanke ta. Inna ta dubi bango.

"Ni lafiyata ƙalau."

Kafin azahar labari ya zaga dangi kaf. Wayar Auta ta dinga ruri a wurin aiki: kawu ya kira, gwaggo ta kira, har wata 'yar uwa da rabonsa da ita tun ranar ɗaurin aure ta aiko da saƙon murya na minti tara. Duk magana ɗaya ce, wai matarsa marowaciya ce, tana horar da uwarsa da yunwa a ƙasar da ba ta da kowa.

Auta ya shigo gida ko jakarsa bai ajiye ba. Ya tarar da Malama a kicin tana tace ruwan dankali a cikin sinki.

"Me kike zubarwa?"

"Ruwan dankalin Inna ne. Sannu da zuwa, Autan..."

"Kar ki Autan ni! Tun yaushe nake ce miki ki bar wasan nan da sikeli? Na ɗauka aikin makaranta kike gwadawa, na yi shiru. Dubi wuyan Inna, duk ta zabge! Uwata ce za ki mayar abin gwaji?"

"Wallahi ba gwaji ba ne. Ka yarda da ni, filis, ka ba ni wata biyu kawai."

"Wata biyu na me? Faɗa mini dalili ɗaya!"

Ta buɗe baki, sai ta tuna da rantsuwar. Ta yi tsuru-tsuru tana murza gefen mayafinta.

Ya gyaɗa kai a hankali, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Na gane. Don a kan takardarki nake zaune a ƙasar nan, ko? Ke ce mai biza, ni ɗan rakiya mai ɗaukar kwali. Shi ya sa uwata ma sai abin da kika ga dama za ta ci."

Wannan magana ta soke ta har ƙashi. Shekara uku tana kaffa-kaffa da wannan wuri, ko da wasa ba ta taɓa bari zancen takarda ya fito daga bakinta ba, ashe ciwon yana nan a ransa yana ruruwa. Ta fashe da kuka. Ya ɗauki sikelin ya jefa saman firij, ya fita.

Kwana biyu ta yi tana juya abin a ranta, ba ta ci ba ta sha. In ta yi shiru, Inna za ta koma cin abin da zai kashe ta. In ta yi magana, ta karya rantsuwa, ta kuma rusa wa mijinta jarrabawar da ya shekara yana wa tanadi. A rana ta uku da safe ta ga Inna ta miƙa hannu ta bayan ƙofa ta ɗauki kwalbar gishiri ta zazzaga a miya. Nan ta yanke shawara: rantsuwa tana da kaffara, rai kuwa in ya tafi ya tafi.

Ta same su a falo suna karyawa. Ta durƙusa a gabansu.

"Inna, ki gafarce ni. Autan Inna, ciwon ƙoda gare ta. Na kai ta asibiti, likita ya tabbatar. Ita ta sa ni rantsuwa kada in faɗa maka."

Auta ya ajiye kofin shayin da ke hannunsa. Ya juya ga uwarsa, fuskarsa ta koma ta yaro ƙarami. "Inna... da gaske ne?"

Inna ta ga wannan fuska, irin wadda ta gani shekarun baya a gefen gadon mahaifinsa, sai zuciyarta ta kasa. Ta miƙe tsaye tana tafa hannu.

"Ƙarya take yi! La'ilaha illallahu! Yanzu ciwo za ki ƙaƙaba mini don ki wanke rowarki? Asibitin da muka je, ba awon ido aka yi mini ba? Auta, in ka bar yarinyar nan tana yi mini fatan ciwo a gidanka, gobe ka kai ni filin jirgi!"

"Akwai takardun! Inna, takardun suna jakarki..."

"Jakar tawa ma za ki bincika? To bismillah, zo ki tuɓe ni!"

"Ya isa!" Auta ya daka tsawa. Bai taɓa ɗaga mata murya haka ba. "Uwata ce maƙaryaciya ke nan? Tashi ki haɗa kayanki ki tafi ɗakin kwanan ɗalibai wurin ƙawarki. Kar ki dawo sai na neme ki. In Inna ta koma gida, sai mu san matsayin auren nan."

"Na ji, zan tafi. Amma don girman Allah kar ka ba ta ayaba, kar ka ba ta lemo, kar..."

Ya rufe ƙofar ɗaki a fuskarta. Ta haɗa 'yan kayanta a jakar goyo, ta ɗauki littafinta mai shuɗin bango, ta sauka hawa huɗun nan tana dafa bango saboda hawaye ya rufe mata ido.

Kwana tara ta yi a kan katifar ƙasa a ɗakin ƙawarta. Ta yi azumin kaffararta, azumin ya ƙare amma cin abinci bai dawo mata ba. Mai koyon yadda ake ciyar da mutane, ga ta nan sai ƙawa ta tsaya a kanta kafin ta haɗiyi rabin burodi. Ta aika wa Auta saƙo ya fi talatin, da jerin abin da zai guje wa, duk ba ya buɗewa. Ta kira Yaya Babba, ta kashe mata waya. Kullum da safe in bas ɗinta ya bi ta gaban gidansu sai ta ɗaga kai ta dubi tagar hawa na huɗu, ko za ta ga labule ya motsa ta san Inna na nan da rai.

A lokacin tana aikin koyo a sashen abinci na wani asibiti, ƙarƙashin wata dattijuwa da ɗalibai ke kira Madam, mace mai gajeren gashi fari da ba ta son wasa. Wata rana aka ba Malama wani tsoho mai ciwon ƙoda ta yi masa bayani. Ta zauna ta jero masa abubuwa goma sha ɗaya da ba zai ƙara ci ba, da giram-giram ɗinsu, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Tsohon ya naɗe takardar ya sa a aljihu ya fita.

Madam ta rufe ƙofa. "Me mutumin nan ya fi so a duniya ya ci?"

"Ban... ban tambaye shi ba, Madam."

"Wa yake dafa masa? Da wa yake ci?"

Madam ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Lissafinki daidai ne, amma takardar nan a kwandon shara na bakin ƙofa za ta kwana. Kin ƙwace masa abu goma sha ɗaya ba ki ba shi ko ɗaya ba. Sikeli namu ne, mu ma'aikata, a bayan fage. Shi mai ci, abinci yake so ya gani da fuskar wanda ya damu da shi. In kin auna, ki auna inda ba ya gani, ki zuba a ƙaramin faranti ya cika, ki zauna ku ci tare."

Sai ga Malama tana kuka wiwi a gaban Madam, don ba tsohon take gani ba, Inna take gani a kujerar roba tana bin cokali da ido. Sati biyar tana ciyar da matar nan, ko sau ɗaya ba ta zauna ta ci irin abincin tare da ita ba. Ta yi gaskiya a kan ciwon, amma ta ci mutuncin tsohuwa sau uku a kowace rana ba ta sani ba.

A rana ta goma, da misalin sha ɗaya na safe, wayarta ta yi ƙara a aljihun farar rigarta. Auta ne! Ta yi maza ta buɗe saƙon. Hoto ne na teburin kicin ɗinsu, da rubutu a ƙasa: "Ki gani, ba sai da sikeli ake kula da uwa ba. Duk kayan lafiya nake saya mata. Har gishirin masu hawan jini na samo, sati guda ke nan da shi take ci."

Ta ƙara girman hoton. Ayaba nono guda, an ci rabi. Kwalayen ruwan lemon zaƙi manya guda biyu. A tsakiya kuma ga gwangwanin gishiri mai koren murfi.

Ta san gishirin nan sarai, a aji an yi musu gargaɗi a kansa. An rage masa gishirin gaske an cike gurbin da fotasiyam. Ga mai hawan jini alheri ne, ga mai ciwon ƙoda kuwa guba ce a cikin gwangwani mai kyau. Bawan Allah, ashe maganarta ta tsaya masa a rai, ya je ya nemo abin da yake ganin shi ne tsakiya tsakanin matarsa da uwarsa, ya sayo da kuɗin guminsa yana murna.

Ta kira shi, bai ɗauka ba, ya riga ya mayar da wayar akwatin ajiya a wurin aiki. Ta kira Inna sau huɗu, ba a ɗauka ba.

"Madam, surukata! Gishirin fotasiyam, sati guda, ga ƙodarta..."

Madam ba ta bari ta ƙarasa ba. "Ruga! Ki kira motar asibiti tun kina hanya."

Da farar rigar ta fita a guje. Bas ya tsaya a kowace tasha kamar da gayya, ita kuwa tana tsaye a bakin ƙofarsa tana salati a bayyane, tana ba ma'aikatan motar asibiti lambar gida. "Ya Allah kar ka ɗauke ta da fushina a ranta! Ya Allah ko aurena zai mutu, ka bar masa uwarsa!" Ta haye hawa huɗu ba ta san ta hau ba. Allah ya sa makullinta na jaka.

Ta tarar da Inna a zube a tsakanin kujera da tebur, mayafinta ya zame, kofin lemo ya kife a kan kafet. Idonta a buɗe, amma ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta.

"Inna! Inna, ni ce!"

"'Yar nan..." muryar kamar daga rijiya. "Ƙafafuna sun mutu... ƙirjina..."

Malama ta kama wuyan hannunta. Bugun yana zuwa a hankali, ya tsaya, ya sake zuwa. Ta rungume kan tsohuwar a cinyarta tana shafa mata fuska. "Kar ki rufe ido, Inna, ga su nan zuwa. Ki yi mini faɗa ma in kina so, ki ce miyata ruwan wanke kwano ce, amma kar ki yi shiru!"

Da ma'aikatan suka iso, ta miƙa musu gwangwanin gishirin da littafinta, ta zazzage jakar Inna ta zaro takardun asibitin da aka naɗe a cikin ɗankwali. Ba su ɓata lokacin tambaya ba, tun a mota suka fara ba ta magani.

Da la'asar Auta ya faɗo asibitin da rigar aikinsa, a birkice. Ya ga Malama a kan benci, kafin ya yi magana likita ta fito riƙe da gwangwanin.

"Wa ya saya mata wannan?"

"Ni ne," in ji Auta. "Na lafiya ne, an rubuta a jiki..."

"Ga mai ciwon ƙoda irin na mahaifiyarka, saura ƙiris ya tsayar da zuciyarta. Da an ƙara awa ɗaya, da wani zancen ake yi." Ta ɗaga littafin mai shuɗin bango. "Wannan kuma na waye? Sati biyar an rubuta duk abin da ta ci. Shi ya nuna mana inda aka tsaya da inda abin ya lalace. Mai littafin nan ita ta riƙe ƙodar nan har ta kawo yau."

Auta ya jingina da bango, ya sulale har ƙasa. Ya dafe kai da hannu biyu yana kuka kamar ransa zai fita. "Da hannuna! Da hannuna na dinga zuba mata! Malama, kin faɗa mini, na kore ki..."

Tana da abin faɗa cike da baki, kwana goma tana tara shi. Amma da ta gan shi a ƙasa, sai ta nemi fushin ta rasa. Ta durƙusa kusa da shi ta janye hannunsa daga kansa.

"Tashi, Autan Inna, mutane na kallo. Ƙauna ce ta sa ka saya, ni ma ƙauna ce ta sa na auna, duk mun yi kuskure. Kuma maganar takarda, kar ka sake yi mini ita. Kai ka bar aikinka ka biyo ni. In akwai mai bin wani godiya a gidan nan, kai ne."

Washegari da hantsi aka bar su suka shiga. Inna na kwance da robar ƙarin ruwa a hannu, ta yi fayau. Ta dubi ɗanta, ta dubi Malama, sai hawaye.

"Auta, kira mini yayarka. Ta bidiyo. Kuma ka riƙe wayar daidai."

Fuskar Yaya Babba ta bayyana, ta buɗe baki za ta fara, Inna ta ɗaga hannu.

"Yi shiru ki ji, kuma ki kai wa duk wanda kika kai wa na farko. Ni na yi ƙarya. Ina da ciwo, na ɓoye, na sa yarinyar nan rantsuwa, da ta faɗi gaskiya na ƙaryata ta a gaban mijinta. Na raba ta da ɗakinta, ita kuma ta bar aikinta ta zo ta tsince ni a ƙasa. Wanda ya sake ce mata marowaciya, ban yafe ba."

Yaya Babba ta yi wuƙi-wuƙi, can ta ce, "Malama... ki yi haƙuri, don Allah." Karo na farko ke nan da ba ta ce mata 'yar boko ba.

Inna ta kamo hannun Malama ta ɗora a ƙirjinta. "Ɗiyata, ki yafe mini."

"Ni ce mai neman gafara, Inna. Na ba ki kunya da sikelin nan. Ba za ki ƙara ganin sa ba."

Bayan sati guda aka sallami Inna, ba a kai ga injin ba. Auta bai ajiye karatunsa ba kamar yadda Inna ta ji tsoro, sai ma ya ƙara ƙaimi, don yanzu su biyu ne a kan jinyar. Ranar da suka dawo gida Malama ta shiga kicin ta rufe ƙofa. Ta tambayi Inna tun a asibiti abin da ta fi so, ta ce kifi. Ta gasa shi da tafarnuwa da citta da 'yar matsin lemon tsami, har ƙamshin ya hana a tuna da gishiri. Ta zuba a ƙananan faranti uku, kowanne ya cika, iri ɗaya sak, ta kawo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar Inna.

Inna ta ɗanɗana, ta sake ɗanɗanawa, ta dubi farantin Malama da na Auta. Sai ta ajiye cokali.

"Wannan an auna shi kuwa?"

"An auna, Inna. A kicin."

"A'a, ban yarda da awon ɓoye ba. Auta, miƙa hannu saman firij ka sauko mini da abin nan."

Ya sauko da sikelin, ya goge shi da gefen rigarsa. Inna ta karɓa ta ajiye shi a tsakiyar tebur da hannunta.

"Nan ne wurinsa daga yau. Ɗiyata, matso ki koya mini lambobin nan, don in na koma gida ni zan dinga auna wa kaina. Shi kuma wannan," ta nuna Auta da baki, "a fara da sukarin shayinsa."

Suka kwashe da dariya, Malama na dariya tana share hawaye.

'Yan uwana matasa, ilimi in ba a haɗa shi da tausasawa ba, wanda ake so a taimaka shi yake fara gudu. Ciwo kuma ba a ɓoye shi ga na jiki da sunan tausayi, don ɓoyewar ta fi faɗar cutarwa. Wanda ya riƙe gaskiya ya yi haƙuri da zargin dangi, Allah ba ya barin sa ya tozarta. Malama ta yi haƙuri, ta gyara nata kuskuren, ta samu mijinta, ta kuma samu uwa.